Je Ki Sha Iska

"Ni fa ban ce kiɗanki ba daɗi ba, Odessa."

"To me ka ce?"

"Abin da kowane mai ƙaho yake gaya wa mai piyano. Je ki sha iska. Kaina aka fara?"

Cleon Baskin yana magana yana goge ƙahonsa da tsumma, ko ɗago kai bai yi ba. Odessa tana zaune gaban tsohon piyanon da mahaifinta ya rasu ya bari a ɗakin ƙarƙashin gidansu, hannuwanta a kan cinya, inda suka yi rabin yinin nan. Asabar ce da la'asar, sanyin birnin Detroit ya kai maƙura, injin ɗumama gida yana ta huci a lungu.

"Ba kanka aka fara ba," in ji ta. "Amma kai ka mai da shi sana'a. Tun Kirsimeti iska nake sha, Cleon. Na ƙoshi."

Wanta Roosevelt, wanda kowa ke kira Ro, ya leƙo daga bayan gangunansa da murmushin neman rigima. "'Yar coci, ai na sha gaya miki. Duk sanda kika sauke hannun hagun nan naki sai in fara laluben aljihu, in ɗauka kwanon baiko ne ya zagayo. Mutum yana son ya busa kiɗan bop, ke kina kiran masu zunubi su tuba."

"Kai dai Yaya ji da gangarka. Ɗazu gudu kake yi kamar an biyo ka da sanda."

Kowa ya yi dariya ban da Cleon. Ya kwantar da ƙahon a akwatinsa, ya rufe, ya ce gobe da yamma a gidan kiɗan Mista Booker, kada wanda ya makara. A gindin matakala, inda a da yakan tsaya ya sumbace ta yayin da sauran ke yin kamar suna haɗa kaya, sai ya taɓa kafaɗarta da yatsa biyu ya haye.

Su biyar ne, kuma babu wanda ya cika shekara ashirin da biyar a cikinsu. Cleon da Ro a kamfanin ƙera motoci suke yini. Wendell Marbury mai busa lanƙwasasshen ƙahon nan saksofon yana raba wasiƙu, Elmore Gaines mai bes, ƙaton molon nan da ake kaɗawa a tsaye, yana aski a shagon kawunsa. Odessa kuwa ita ke kaɗa wa mawaƙan cocin unguwarsu tun tana yarinya. Sun daɗe tare suna dafa kiɗan nan da samarin birnin suka haukace a kansa a shekarar 1957, wato bop mai gudu da tsauri irin na New York, amma wanda aka dawo da shi gida aka zuba masa tafin coci da kukan zucin da iyayensu suka taho da shi daga jihohin Kudu.

A irin wannan kiɗa kowa da lokacin da ake bar masa fage, ya faɗi abin da ke ransa yadda ya zo masa, sauran suna yi masa rakiya. Ganga da bes su riƙe masa ƙasa. Mai piyano kuwa abokin hira ne: ya amsa, ya ƙara, ya yi tambaya, wani lokaci ya tsokana. In mai ƙaho yana son fili sai ya ɗan waiwayo ya ce a je a sha iska, mai piyano ya ɗauke hannu na zagaye ɗaya ko biyu. Ba cin fuska ba ne, kowa ya sani. Sai dai Wendell bai fi ya kore ta sau ɗaya a yini ba, shi ko Cleon ya koma da zarar ya ɗaga ƙaho sai ya waiwayo. Har ya daina faɗa da baki, haɓa kawai yake ɗaga mata.

Abin da ya fi yi mata ciwo, a wannan rakiyar suka fara son juna. Wurin jana'izar wani abokin aikinsa ne, aka roƙe shi ya busa waƙa ɗaya a coci, ita kuma aka ce ta raka shi. Ya shigo ko gaishe ta bai yi ba, siririn saurayi da kwat ɗin aro mai gajeren hannu. A tsakiyar waƙar, don dai ta gwada shi, sai ta ajiye masa sauti mataki ɗaya sama da inda ya tsaya. Ya bi ta. Ta ƙara, ya sake bin ta, har matar mamacin ta daina kuka ta ɗago tana kallonsu. Tun daga ranar haka suke, ita ta kafa tsani, shi ya hau. Duk abin da kunya ta hana shi faɗa a bakin ƙofa ya riga ya faɗa mata da ƙaho, ita kuma ta amsa da yatsu goma a gaban jama'a, ba wanda ya gane. Yanzu ya hana ta amsawa. A wurinta wannan daidai yake da ya daina yi mata magana.

Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba. Ya tara gashin baki, wanda sam bai yi masa kyau ba. Dariyarsa ta ɗauke, maganarsa ta koma ta gefen baki kamar mai yi wa mutum alfarma. Lahadin da ta wuce Mama ta zuba masa soyayyar kazarta mai barkono, wadda a da sai an janye kwanon daga gabansa, ya ce a ƙoshe yake, ya ɗan tsakuri dankali ya miƙe. Odessa ta haɗa wannan da wancan ta yi ta jujjuyawa, duk ta inda ta ɓullo amsa ɗaya take tararwa.

Ta raka Wendell bakin ƙofa, ta bari sai da sauran suka yi nisa.

"Wendell, tsakaninka da Allah, me Cleon ya gaya maka?"

"Ni? Mutumin da ko sannu sai an roƙe shi?" Ya ja hularsa ya rufe kunne. "Sai dai kin san yadda yake manne da faya-fayen nan. Akwai ƙungiyoyi yanzu da ba su da piyano sam. Ƙaho biyu, ganga, bes, shi ke nan. Wai kiɗan ya fi numfashi." Ya dubi fuskarta, sai ya so ya haɗiye maganar. "Ban fa ce haka yake nufi ba, ƙanwata."

"Ka dai faɗa."

A kicin Mama tana murza ƙullun da za ta gasa na gobe, gilashinta ya gangaro kan hanci. Ba ta juyo ba ta ce Fasto Whitlow ya sake aikowa. Tsohuwar da ke jagorancin mawaƙan coci idonta ya raunana, yana son Odessa ta karɓi ragamar gaba ɗaya, da sharaɗi guda, kada a ƙara ganin ta a gidajen kiɗa. Gobe a sujadar yamma yake son amsa.

"Ni ban ce ki karɓa ba, ban ce ki ƙi ba," in ji Mama. "Ubanki ya kaɗa a wuraren nan biyu, ban kuma ga Ubangiji ya juya masa baya ba. Amma ɗiyata, ina jin ku daga nan. In ƙahon yaron nan ya fara sai in ji piyano ya mutu. Da farko na ɗauka fita kike yi."

"Ina zaune, Mama."

"To zaman me?"

Odessa ta ɗauki wuƙa ta shiga fere dankali, tana kallon yatsunta. A coci babu wanda zai taɓa ce mata ta ɗauke hannu. Amma a coci kowace waƙa an san ƙarshenta tun kafin a fara, ita kuwa ta saba da wanda za ta jefa wa tambaya ba ta san me zai dawo mata da shi ba. Kafin ta gama feren ta yanke shawara. Gobe za ta raka shi sau ɗaya, ko ya so ko bai so ba. In ya bi ta, to akwai sauran magana a tsakaninsu. In ya tsaya a inda yake, daga nan ta wuce wurin Fasto ta ce ta karɓa.

Yammacin Lahadi a wurin Mista Booker na matasa ne. Mutane sukan biyo daga coci da kayansu na ado, maza da lakataye, mata da huluna, a cika tebura da kofi da lemo, hayaƙin taba ya taru a ƙarƙashin fitilu. A jikin bango kuwa, kan dogon benci, masu ƙaho ne a jere, kowa da akwatinsa a gwiwa. Kashi na farko na masu gida ne. A kashi na biyu duk wanda ya ji zai iya sai ya hau, kuma in baƙo ya binne mai gida a busa, jama'a ba sa ɓoyewa, Mista Booker ko ba shi da kunnen da ya wuce na jama'a. Ta haka Cleon kansa ya karɓe Lahadin daga hannun wani. Yau a bakin bencin akwai Percy Lyle, wanda bai daɗe da barin badujalar soja ba, ƙirji kamar ganga, yana tauna cingam yana kallon Cleon irin kallon da tela ke yi wa yadi.

A waƙoƙin farko Odessa ta yi biyayya. Cleon ya ɗaga haɓa, ta naɗe hannu, ta zauna tana kallon jerin fararen haƙoran piyano, fuskarta ba yabo ba fallasa. Sai aka zo waƙar ƙarshe ta kashin farko, wadda shi ya tsara a bara bai raɗa mata suna ba, 'yan ƙungiyar dai suna ce mata ta Odessa. Ro ya buga sandunansa, suka shiga tare da ƙarfi. Wendell ya karɓi fage, ta raka shi kamar kullum, ya yi zagayensa ya ja da baya ana tafi.

Cleon ya matso. Ya ɗaga ƙaho, ya waiwayo, ya ɗaga haɓa.

Ba ta ɗauke hannu ba.

Ya fara da sautukan ƙasa, a hankali, kamar mai taka ƙanƙara. Ta amsa masa da sauti biyu masu taushi, irin na sallama. Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da kewayawa a inda yake. Ya sake waiwayowa, wannan karon ya dube ta ido cikin ido. Ta ɗauka fushi ne, sai ta ji nata ya taso, duk watannin nan na zaman shiru suka sauko mata a hannun hagu. Ta danna irin dannawar da Ro ke yi wa ba'a, mai nauyi, mai kiran masu zunubi, da hannun dama kuma ta ajiye masa mataki ɗaya a sama.

Ya tsaya kamar na numfashi guda. Sannan ya bi ta.

"To fa," in ji Ro daga baya, ya sauke sanda a kan farantin tagulla. Elmore ya sunkuya ya rungumi bes ɗinsa. Odessa ta ƙara mataki, Cleon ya hau. Ta yi masa tambaya, ya amsa da abin da ya fi tambayar kyau, ta yi dariya ba ta san ta yi ba. Muryar ƙahon da ta daɗe tana nema ta dawo, mai kaifi da zaƙi, kamar wanda ya yi doguwar tafiya ya leƙo ƙofa yana kiran sunanta. Mutane suka daina taɓa kofuna. Wata mata mai shuɗiyar hula ta ɗaga hannu sama ta ce amin, ta manta ba a coci take ba. Odessa ba ta ganin kowa. Tsani kawai take kafawa, mataki bisa mataki, shi kuma bai bar ko ɗaya ba, har suka kai inda ba su taɓa kaiwa ba tun ranar jana'izar nan. Ya kama sautin ƙarshe can ƙololuwa ya riƙe. Sautin ya ɗan girgiza, ya tsage kaɗan, sai ya gangaro da shi ƙasa kamar da gangan ya yi.

Gidan ya ɗauka da tafi. Har Percy Lyle ya daina tauna cingam. Odessa tana ce wa kanta ya bi ni, ashe yana nan, ya bi ni.

Cleon ya juya wa jama'a baya, kamar yadda masu ƙaho ke yi in za su zubar da ruwan da ya taru a ciki. Daga kujerar piyano ne kaɗai ake iya ganin fuskarsa. Ya zaro farin hankici ya danna a baki, da ya janye sai ga shi ja. Bakin ƙahon ma ja. Ya dunƙule hankicin a hannu, suka rufe waƙar yana motsa yatsu kawai, Wendell ne ke ɗauke da busar. Tafi bai ƙare ba ya sauka ya bi ta ƙofar kicin, ƙahon a hammata.

Ta same shi a lungun baya kusa da garewanin shara. Rana ta yi ƙasa amma da sauran haske. Ya dunƙula dusar ƙanƙara ya manna a baki, ruwan yana gangarowa ta tsakanin yatsunsa ruwan hoda.

"Cire hannunka in gani."

"Koma ciki, babu kwat a jikinki."

"Cleon."

Ya cire. A ƙarƙashin gashin bakin nan da ta tsana, leɓensa na sama a tsage yake daga tsakiya, gefen tsagar ya yi tauri ya yi fari, alamar tsohon ciwo ne da yake warkewa yana sake buɗewa. Sai komai ya jeru mata a gaba: kazar Mama mai barkono, maganar gefen baki, yatsa biyu a kafaɗa a gindin matakala.

"Tun yaushe?"

"Kafin Kirsimeti." Yana magana a hankali, leɓen ba ya motsi. A lokacin hutun cin abinci, in ji shi, yakan shiga motarsa a filin kamfani ya yi ta gwajin manyan sautukan nan da yake ji a faifai. Ƙarfe da sanyi, leɓe a bushe, shi kuma in sauti ya ƙi fita sai ya ƙara danna ƙahon a baki. Wata rana ya ji abu ya ba da kai. Likita ya ce ya ajiye busa har bazara, in ba haka ba naman wurin zai mutu, ya rabu da ƙaho har abada. Amma kowane mako akwai Lahadi, kowace Lahadi kuma akwai bencin nan.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"In kin ji, Ro ya ji. In Ro ya ji, Detroit ta ji."

"Kada ka sa ni dariya, ba na so." Ta matso kusa da shi. "To ka ɓoye, na ji. Amma me ya sa ni ka kora? Ka san abin da na yi ta saƙawa? Yau ɗin nan da yamma nake shirin ce wa Fasto na karɓi aikinsa."

Ya dube ta da sauri, sannan ya mai da ido kan ƙanƙarar da ke hannunsa.

"In Ro da Elmore ne kaɗai a bayana, ina iya zama a sautukan ƙasa in yi ta kewayawa, kowa ya ɗauka sabon salo ne. Su ba sa tambaya ta komai. Amma ke, Odessa, in kin kafa tsanin nan ban san yadda ake ƙin hawa ba. Ban taɓa koya ba. Na waiwayo ɗazu ina roƙon ki."

"Na ɗauka harara ce."

"Da wannan bakin komai harara yake zama. Ko murmushi ciwo yake mini."

Ta jingina da bango, sanyin bulo ya ratsa rigarta ta coci, ba ta ji ba. Aikinta a duniya saurare ne. Tana iya gane numfashin Wendell zai ƙare tun kafin shi ya sani, tana jin tsohuwa ta kauce a layin baya na mawaƙa ko da mutum talatin ke rerawa. Amma ta yi watanni a zaune hannu a cinya, ƙahonsa yana ɗingishi a gabanta, ba ta ji ba, don ba shi take saurare ba, gurbinta take saurare. Yau kuma da ta yi kiɗan da ya fi kowane kyau a rayuwarta, da shi ta yanka shi. Ta tuna matar nan mai shuɗiyar hula da ta ce amin, sai hawaye ya zubo mata.

"Kada ki yi haka," in ji shi. "Ko na mutu gobe, na busa wannan."

"Yi mini shiru. Irin maganar nan a littafi take da daɗi."

Daga ciki aka ji Ro yana taɓa ganga, alamar hutu ya ƙare. Cleon ya yar da ƙanƙarar, ya goge hannu a wando, ya gyara riƙon ƙahon.

"Ina za ka?"

"Percy yana jira. In ban hau ba, shi zai hau, kuma ba zai sauko ba. Zan tsaya a sautukan ƙasa, ke dai ki sha iska, mu lallaɓa."

"Mu lallaɓa zuwa yaushe? Zuwa ranar da za ka busa iska kawai ta fito?"

Ta miƙa hannu ta kama ƙahon. Ya riƙe. Suka tsaya haka, shi da gefe ɗaya ita da ɗaya, ƙarfen da sanyi kamar zai manne a tafin hannu. Ba ta ja ba, ba ta kuma saki ba, kallonsa kawai take yi. Can sai ta ji yatsunsa suna sakewa ɗaya bayan ɗaya.

Da suka koma ciki Mista Booker yana tsaye a gindin dandamali, sigari a baki, yana duban ƙofar kicin. Percy Lyle ya riga ya buɗe akwatinsa yana ɗiga wa ƙahonsa mai. Ro ya kalli ƙahon da ke hannun ƙanwarsa, ya kalli hankicin da Cleon ya rufe baki da shi, sai ya kwantar da sandunansa a kan ganga.

"Yarinya, me ake ciki?" in ji Mista Booker. "Mutane na jira."

"In mutuminku ya gaji, ƙanwata, ga ni," in ji Percy, yana murmushi. "Ba na ma buƙatar ki sha iska."

Odessa ta haye dandamali. Ta goge bakin ƙahon da gefen rigarta, ta kwantar da shi a akwatinsa, ta rufe, ta tura shi ƙarƙashin kujerar piyano, ta zauna a kai. Ta san Mista Booker yana iya karɓe Lahadin kafin mako ya zagayo, ta kuma san babu wanda ya naɗa ta shugaba. Ta dubi Wendell, ya gyaɗa kai tun bai ji abin da za ta ce ba. Elmore ya ɗaga bes ɗinsa ya tsayar. Cleon ya cusa hankicin a aljihu, yana tsaye a bakin ƙofar kicin, hannuwansa biyu babu komai, bai san inda zai sa su ba.

Ta yi magana yadda teburan gaba za su ji.

"Percy, fage na kowa ne, in ka hau a baƙo zan raka ka kamar kowa, amma gurbin nan da mai shi. Mista Booker, mu huɗu za mu yi maka daga yau har bazara, abin da Cleon ke busawa ni zan ɗauka da hannun dama. Ƙahon nan a gidanmu zai zauna, ba mai taɓa shi sai leɓen ya warke. Yaya, in mun tashi ka biya ta coci ka gaya wa Fasto na gode, ya nemi wata. Ina nan, kuma na gama shan iska."